Yarinyar da Ba Ta Zaune a Gidanmu

Ranar da mijina Heriberto ya dawo daga cikin gari yana fito, na ajiye wuƙar da nake ɓare ayaba na bi shi da kallo. Mutumin da bam ya cinye wa kunnen hagu a Iraƙi, ya bar masa ƙarafa huɗu a gadon baya, ba ya fito haka kawai. Shi kansa ba ya jin abin da bakinsa ke fitarwa, mu ne ke shan azabar.

"Tsohuwa," in ji shi, "ki aika wa mai kwano. Kafin ruwa ya kankama za a yi wa ɗakin jikarmu Yarelis rufi."

"Da wane kuɗin? Ko caca ka ci ban sani ba?"

"Takardar haraji na cike."

Dariya na fara yi, don shekara goma sha bakwai rabon Heriberto da takardar haraji. Fanshonsa na nakasa ne, ba a cire masa ko sisi, ba a kuma lissafa shi cikin kuɗin shiga, saboda haka babu wanda ya taɓa neman ya cike komai. Da yana alfahari da hakan. Sai da annoba ta zo aka fara raba tallafi, duk wanda ke da suna a ofishin haraji ya ga nasa, shi kuwa ya yi watanni yana leƙa akwatin wasiƙa kamar mai jiran budurwa. Da nasa ya iso ma, babu kason yarinya a ciki, don babu wata takarda da ta haɗa sunansa da na jikarmu. Abokansa na wasan domino suka samu abin yi. Da ya doso teburinsu sai su ce, "Ga Saje nan, wanda gwamnati ta manta a aljihun tsohon wando."

Bara ya je wurin Doña Idalia, tsohuwar malamar makaranta da ke cike wa mutane takardu kyauta a zauren unguwa, ya nemi rangwamen da ake ba masu aiki. Ta ce masa fansho ba ladan aiki ba ne. Ranar bai ci abinci ba. Ya zauna a baranda yana ta maimaitawa, "Ba aiki ba ne? To mene na je yi can, yawon shan iska?"

"Bana doka ta canza," ya ce, yana jan kujera. "Ko ba ka da albashi, in dai yaro ya zauna a gidanka fiye da rabin shekara, dala dubu uku ne. Idalia ta ce min, wata nawa yarinyar ta yi a wurinka bara? Na ce sha biyu. Ta ce ka tabbata? Na ce in kina so in ƙara miki da shekaru huɗun baya." Ya tuntsire da dariya. "Ta danna abin nan a kwamfuta, takarda ta tafi. An karɓa."

Shi yana dariya, ni ban taya shi ba, don akwai abin da na sani wanda bai sani ba.

Bayan guguwar Maria ta yaye mana rabin rufi, 'yarmu Glorimar ta ƙetare teku ta tafi Kissimmee a jihar Florida neman aiki, ta bar mana Yarelis tana da shekara huɗu. Wata shida aka ce. Ga shi yarinya ta kai tara, mu muka raka ta makaranta ranar farko, a hannunmu ta zubar da haƙoranta. Amma a takarda tana Florida. Haka ake yi a duk tudun nan namu na Ciales, ba mu muka fara ba: wanda ke can ƙetare yana da albashi shi ke ɗaukar yaro a takardarsa, don a can ne abin ke da tsoka, sai ya aiko wa masu riƙo da wani abu. Kowa ya sani, babu mai faɗa. Duk watan Maris Glorimar na aiko min da kuɗi, ni kuma in ce wa Heriberto kyautar zagayowar ranar haihuwata ce. Har yaba ta yake yi.

Na ɓoye masa ne don na san halinsa. Heriberto ba ya wasa da sa hannu. Ko rasit ɗin mai kawo iskar gas sai ya karanta shi tun daga sama kafin ya taɓa biro, mutum na tsaye yana zufa. Kullum cewa yake fanshon nan a kan sa hannunsa yake tsaye, don duk ciwon da ya ce yana ji, rantsuwa ya yi a kai, ba wanda ya shiga jikinsa ya gani. In aka kama shi da ƙarya ɗaya, sauran ma sun zama abin tuhuma. Ni kuwa na ɗauka tunda ba ya cike takarda, maganar ba za ta taɓa tashi ba.

Kwana takwas ban samu sukuni ba. In ɗauki waya in kira Glorimar, in ajiye. In buɗe baki in faɗa masa, in ga yana auna rufi da igiya yana rubutu a bayan kalanda, in fasa. Na wanke labulen da na wanke makon jiya. Na ƙona wake har sau biyu, abin da ban yi ba ko ina amarya. Yarelis, da ke kirana Abuela, wato Kaka, ta ce, "Abuela, me ya sa kike ta zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai?" Na ce ta wuce ta yi aikin makarantarta.

A rana ta tara, da hantsi, waya ta yi ƙara.

"Mami, wa ya sa sunan Yarelis a takarda?"

Glorimar ce, ko gaisuwa babu. Ina jin ƙarar injin shara a bayanta, na san daga otal ɗin da take gyaran ɗakuna take kira.

"An dawo min da tawa. Mai cike min ya ce wani ya riga ni amfani da lambar shaidarta ta gwamnati. Na ɗauka ɓarayi ne, na kusa kiran 'yan sanda. Mami, ki ce min ɓarayi ne."

"Babanki ne."

Sai ta ce, "Ba ki taɓa gaya masa ba."

"Ke me ya hana ki gaya masa? Ba ki da lambarsa ne?"

"Ba shi waya."

Yana waje ta bayan ɗakuna yana kankare tsatsa a jikin tsani. Na tsaya a gabansa, a ɓangaren kunnensa mai ji, na faɗa masa komai a tsaye, ban saka ko kalma ɗaya ta kare kaina ba. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya goge hannunsa a wando, ya karɓi wayar, ya kunna lasifikarta yadda zai ji.

"Shekara nawa?" ya tambaya.

"Huɗu, Papi."

"Shekara huɗu kina rantsuwa tana kwana a gidanki."

"Kowa haka yake yi! Kuɗin nan da shi nake biyan haya, da shi na sayi motar da nake zuwa aiki, daga ciki nake aiko muku. Kana tsammani takalman makarantarta daga sama suke faɗowa?"

"Ban ce ki aiko min da kuɗin ƙarya ba."

"Ai ka ci, ka ƙoshi, ka yi godiya."

Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Na matsa kusa ko zan karɓe wayar, ya ɗaga min hannu.

Glorimar ta sassauta murya, kuma a nan ne na ji tsoro na gaske, don kuka take yi. Ta ce in mutum biyu suka ɗauki yaro ɗaya, za a rubuto wa kowa wasiƙa a nemi shaidar makaranta da ta asibiti, kuma duk shaidar Ciales za ta nuna. Daga nan za a waiwayi shekarun baya a ce ta mayar. Ba ta da shi, ko an sayar da ita.

"Papi, ba barazana nake maka ba. Ka je ka janye taka nan da Juma'a, tawa ta wuce, shi ke nan. In ba ka janye ba, hanya ɗaya ta rage min. In zo in ɗauke ta, in sa ta makaranta a nan, ko sun zo dubawa su same ta a wurina."

"A ɗakin da kuke ku uku?" na ce. "Kina fita da asuba kina dawowa bayan an kunna fitilu? Wa zai duba ta?"

"Zan san yadda zan yi. 'Yata ce, Mami."

Wannan kam babu mai musu. Babu wata takardar riƙo a hannunmu, ba mu taɓa tunanin nema ba. Ran da uwarta ta sayi tikiti, mu dai sai dai mu haɗa mata kaya.

Talata ce ranar. Daga nan zuwa Juma'a gidanmu ya koma kamar tashar mota, kowa na motsi babu mai zama. Heriberto ya kwance rediyon da ba abin da ya same shi, ya baza kayan cikinsa a teburin cin abinci, ya tashi ya bar su. Ya tafi wurin domino, ya dawo kafin a raba. Ya sauka gangare har bakin titi da sandarsa, ya hauro, ya sake sauka, da gadon bayan nan nasa da likita ya ce ya lallaɓa. Ni kuma ina binsa da baki, don ba zan yi ƙarya ba, ban raga masa ba.

"Takarda ce fa kawai, tsoho."

"Rantsuwa ce."

"Wa zai hauro tudun nan ya duba? Mutanen da suka yi wata biyar ba su san kana raye ba?"

"Ni na san ina raye."

"To ka zaɓa, sa hannunka ko jikarka. In ta tafi sai ka rungumi biro ka yi hira da shi."

Ya tsaya a bakin ƙofa ya juyo. "Zoraida, ke kika kawo mu nan. Da kin buɗe baki tun shekarar farko, da mun zauna da yarinyar nan mun yi magana kamar mutane. Abu ɗaya na faɗa a takardar nan, kuma gaskiya ne. Abu ɗaya ne a shekara goma sha bakwai da gwamnati ta tambaye ni na ji daɗin amsawa."

Sai na ce masa ya kwashe tarkacen rediyonsa zan ajiye abinci. Haushi nake ji, na kaina ya fi yawa, amma shi ne a kusa.

Ranar Alhamis da la'asar aka yi ruwa. Shuɗin tamfol ɗin da ke kan ɗakin Yarelis ya tsufa, rana ta cinye shi, ruwa na bi ta wuri ɗaya yana ɗiga kusa da ƙafar gadonta. Heriberto ya tsaya a ƙofar ɗakin yana kallonta, tana zaune a ƙasa tana yi wa 'yartsanarta kitso, bokiti na cika a gefenta. Ta ɗago ta ce wa kakan nata, "Abuelo, yaushe mai kwanon zai zo?" Ya yi kamar ta ɓangaren mataccen kunnen maganar ta zo.

Juma'a da safe, bayan motar makaranta ta wuce, ya fito cikin farar rigarsa ta zuwa coci, ya ce in ɗauko jakata. Ban tambaye shi komai ba, ina tsoron kada tambaya ta sa ya fasa.

Zauren unguwa cike yake, kowa da ambulan a hannu. Muka yi fiye da sa'a guda a kan benci. Ya miƙe ya fi sau biyar, wai bayansa. Da layi ya zo kanmu, Doña Idalia ta sauke tabarau ta ce, "Don Heriberto, har ka zo godiya? Ai kuɗin bai iso ba tukuna."

"Janyewa na zo yi."

Ta dube shi, ta dube ni. Matar nan ta koyar da Glorimar a aji uku, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

"Uwar ce?" ta ce.

Na gyaɗa kai.

"Ku ne na huɗu a makon nan." Ta ja numfashi. "Bari in faɗa maka tsakani da Allah, Saje. Abin da ka rubuta daidai ne. Haƙƙinka ne, ko gaban wa za a je. Ba wanda zai iya tilasta maka."

"Na sani. Ba ni takardar."

Ta zaro ta ta ajiye a gabansa, ta nuna masa inda za a cire sunan, da inda zai sa hannu. Sannan ta ɗora yatsa a kan wasu layuka uku da babu komai a kansu.

"Nan kuma dalili za ka rubuta."

"Ya rubuta kuskure kawai," na yi caraf na ce.

"Kuskuren me, ƙawata? Jikarsa ce, shekarunta sun yi, lambarta daidai ce. Abu ɗaya ne zai iya zama kuskure, kuma in bai faɗe shi ba za su rubuto su tambaya, a koma gidan jiya."

Heriberto ya ce, "Zai taɓa fanshona?"

"Ofis daban ne, ban taɓa ganin ya taɓa na kowa ba. Amma ba zan rantse maka ba." Ta tura kujerarta baya ta miƙe. "Ni dai hannuna ba zai rubuta wannan ba. Duk Lahadi ina ganin yarinyar nan riƙe da sandarka a ƙofar coci. Zan je in sha kofi. Abin da na tarar a ambulan in na dawo, shi zan aika."

Ta tafi ta bar mu. Mutanen da ke bayanmu suka fara tsaki, wani ya ce, "Saje, wasiƙar soyayya kake rubutawa ne?" Bai ji ba, ko ya ji ya share. Ya ciro bironsa daga aljihun riga, don ba ya amfani da na kowa. Ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, kamar yadda ya saba, har da ƙananan rubutun da ke cewa wanda ya sa hannu ya rantse. Ni kuma na damƙe jakata, ina roƙon Allah ya rubuta, ina kuma jin kunyar abin da nake roƙo.

Ya rubuta da manyan baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa ta kafaɗarsa na karanta: NA YI KUSKURE. YARINYAR BA TA ZAUNA A GIDANA BA. Layi ɗaya da rabi ya ci. Sa hannunsa kullum yana da wata doguwar wutsiya da yake ja a ƙarƙashin suna, ranar bai ja ta ba. Ya ninke, ya sa a ambulan, ya lashe bakin ya manne da kansa.

A mota na aika wa Glorimar saƙo cewa an gama. Ta amsa da, "Ki ce wa Papi na gode." Na faɗa masa. Ya ce in kula da hanya, akwai kwana a gaba.

Na samu abin da nake so, yarinya ta zauna. Amma da muka isa gida na zuba abinci, ni da shi babu wanda ya kai cokali uku. Ya koma teburin rediyonsa yana juya wata ƙaramar ƙusa a tafin hannu.

Ƙarfe uku Yarelis ta faɗo gida a guje, ta jefar da jaka a tsakar ɗaki, abin da na hana ta sau dubu. Tana ɗaga wata takarda.

"Za a kai mu kogon dutse ranar Laraba! Malama ta ce duk wanda bai kawo ba ran Litinin, a aji zai zauna da 'yan aji biyu. Abuelo, sa min."

Tun daga ajin farko shi ke sa hannu a duk abin da ya fito daga makaranta. Yakan sa tabarau, ya karanta, ya yi mata tambayoyi kamar mai binciken laifi, tana dariya, sannan ya ja wutsiyar nan tasa. Ta ture kayan rediyon gefe ta shimfiɗa masa takardar.

Ya karanta. Na ga inda idonsa ya tsaya. Ya tura takardar ɓangarena.

"Yau kakarki za ta sa."

"A'a! Rubutun Abuela kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Naka nake so, mai wutsiya." Ta zaro biron daga aljihun rigarsa da kanta, ta cusa masa a hannu, ta ɗora yatsa a kan layin. "Ga shi nan. Inda aka ce wanda yaro ke zaune tare da shi."

Ya riƙe biron. Ya daɗe yana kallon yatsan nan nata, da guntun jan farcen da ta shafa a ɓoye ya fara ɓarewa. Sai ya ajiye biron a hankali, ya cire na'urar ƙara jin da ke kunnensa na dama ya ɗora a kan tebur, ya ɗauki sandarsa ya fita waje.

"Me na yi masa?" ta tambaye ni.

"Ba ki yi komai ba. Bayansa ne ke ciwo."

Na ja takardar na sa hannu. Ta duba ta ce ya karkace. Muna cikin haka aka fara yayyafi a kan kwanon baranda. Ban ce mata komai ba, ta ruga ta ɗauko bokitinta ta shige ɗaki, ta ajiye shi daidai inda ruwan ke ɗiga tun kafin ɗigon farko ya sauko.